Gadon Torkwil na Darro

A can arewacin ƙasar Sikotlan, inda duwatsu ke gangarowa har bakin teku, an yi wani gidan sarauta da ake kira Gidan Darro. A zamanin da wannan labari ya faru sarkin ƙasar yaro ne ƙarami, bai isa hawa doki shi kaɗai ba. Mulki yana hannun wani babban bafade mai suna Gilbrad, wanda ake kira Mai Riƙo. A ƙasar nan sarauta ba ta jiran masu zaɓen sarki. Idan mai ita ya mutu, da fitar numfashinsa take faɗawa kan babban ɗansa, ko yana so ko ba ya so. In babu ɗa sai ta bi jini ta nemi na kusa, ko da ta wajen mace ne.

Torkwil shi ne ɗa na uku a Gidan Darro, saboda haka babu wanda ya taɓa kawo masa sarauta a rai. Tun yana ƙarami aka kai shi riƙo tsibirin Ulsa wurin kawunsa, yayan mahaifiyarsa Effrik, wanda shi ne sarkin tsibirin. A can ya tashi tare da ɗan kawun nasa, Ruwari, shimfiɗa ɗaya, akushi ɗaya. Ruwari ne ya koya masa tuƙin jirgi da hawan dutse don ɗebo ƙwan tsuntsayen teku, shi ne kuma ya fasa masa haƙori ɗaya a kokawa. Da Torkwil ya fara zama saurayi aka ɗauko shi aka kai shi majami'ar Kilmorra ya koyi karatu, da nufin ya zama limami. Ya so zaman wurin ƙwarai. Yana da hannu a aikin rubutu, kuma ba ya son hayaniya.

Sai mutuwa ta shiga gidansu. Mahaifinsa ya kwanta zazzaɓi a farkon hunturu, bai tashi ba. Babban wansa ya gaji sarautar, bai kai ga girbi ba kogin Darro ya tafi da shi da dokinsa a wajen ƙetarawa. Na biyun ya bi sawun ɓarayin shanu cikin duwatsu, aka dawo da shi a kan garkuwa. Ranar da aka zo Kilmorra ɗaukar Torkwil, yana cikin feƙe alƙalami. Ya ajiye wuƙar, ya bi mutanen, bai tambayi komai ba. A jana'izar uban ya yi kuka, a ta babban wan ma ya yi. A ta ukun ya tsaya bakin kabari yana jiran hawaye, ba su zo ba, kuma daga ranar ba su sake zuwa ba.

Aka yafa masa mayafin ubansa, wanda ya yi masa yawa a kafaɗa, sanƙira ya tsaya a tsakar fada yana jero sarautun da suka faɗo masa. Uban Ƙasar Darro, wadda kakan kakanninsa ya samu saboda ya tare mahara a mashayar kogi shi da 'ya'yansa. Mai Tsaron Mashigar Kilbarra, ƙofa ɗaya tilo da rundunar kudu za ta bi ta shiga arewa, wadda wata kakarsa ta shigo da ita gidan ranar aurenta. Majiɓincin Majami'ar Kilmorra, ƙaramar sarauta ce, abin da ke cikinta kifin farko na kowace shekara da wurin kabari a cikin ginin. Sai ta huɗu, wadda gidan ya fi taƙama da ita, Mai Tutar Sarki a Arewa: duk ranar da rundunar sarki ta fito yaƙi a wannan yanki, mai Darro ne zai riƙe tuta da hannunsa, ba wakili ba. Torkwil ya ji sunayen suna wucewa kamar ana kiran wani mutum a ɗaki na gaba. Da aka gama aka ce ya zauna, ya zauna.

Ya yi mulki yadda aka nuna masa. Yana zama shari'a, yana sauraron ƙarar makiyaya, yana sa hannu inda aka ce ya sa. Abin da ya shafi yaƙi da dakaru ya bar wa baffansa Lahlan, ƙanen mahaifinsa, wanda ya riƙe sarautar Sarkin Yaƙin Darro tun kafin a haifi Torkwil. Mutane suka ce sabon Uban Ƙasa mai haƙuri ne. Mahaifiyarsa kaɗai ta san ba haƙuri ba ne.

A bazara ta biyu ta sarautarsa manzanni biyu suka iso Darro rana ɗaya. Na farko daga Mai Riƙo yake, da dawakai da bushe-bushe. Ya ce Ruwari, wanda ya gaji tsibirin Ulsa bayan rasuwar ubansa, ya ƙi miƙa jiragen yaƙinsa ga fadar sarki kamar yadda aka umarci sarakunan tsibirai, har ya sa an aske wa jakadan fada rabin gemu an mayar da shi. Don haka Mai Riƙo yana tafe da runduna, yana buƙatar a buɗe masa Mashigar Kilbarra, kuma Mai Tuta ya fito da tuta. Manzo na biyu tsohon matuƙin jirgi ne, Murdo, ya zo da ƙafa daga gaɓa, rigarsa tana warin gishiri. Bai durƙusa ba, don shi ya goya Torkwil a Ulsa. Ya ce Ruwari yana gaida ɗan gwaggonsa, yana tambaya ko har yanzu yana jin tsoron igiyar ruwa. Ya ce Ruwari ba ya roƙon dakaru ko takobi ɗaya. Abin da yake so, a bar mashigar a rufe har kaka ta shigo teku ya yi fushi, shi ke nan.

Aka tara majalisa a babban zaure, ana yayyafi a waje. Lahlan ya fara magana, ya miƙe tsaye ya dafa takobinsa.

"Allah ya ja zamanin Uban Ƙasa. Gidan nan bai taɓa rufe ƙofa ga tutar sarki ba, kuma ba a kanka za a fara ba. Kakanka ya riƙe tutar nan da hannun hagu bayan an sare masa na dama. Idan ka rufe Kilbarra, Mai Riƙo zai fasa ta, ya ƙone Darro kafin ya ga ruwan Ulsa. Ruwari ɗan'uwanka ne, ban musa ba. Amma shi ya zaɓi askin gemun jakada, ba mu muka zaɓa masa ba. Kuma ina tuna wa majalisa, Ruwari ba shi da ɗa, ba shi da ƙane. In ya faɗi, Ulsa ba ta da magaji sai ɗan Effrik. Tsibirin ba zai fita daga jininsu ba."

Dattawa da yawa suka gyaɗa kai. Wasu suka ce a aika wa Mai Riƙo dakaru amma Uban Ƙasa ya ce ba shi da lafiya. Wasu suka ce a nemi sulhu, aka amsa musu cewa Gilbrad bai taɓa karɓar sulhu daga wanda ya fi shi rauni ba. Ba al'ada ba ce mace ta yi magana a wannan zaure, amma Effrik uwar mai gida ce, 'yar sarki kuma, da ta taso daga bayan labule babu wanda ya hana ta.

"Na binne miji da 'ya'ya biyu a gidan nan," in ji ta, "saboda haka ina da bakin magana. Na san Gilbrad tun yana riƙe wa wasu linzami. Bai taɓa ba mutum abu ba sai ya riga ya san ta inda zai karɓe. Jiragen Ulsa ba su dame shi ba, mashigar nan yake so, domin duk wanda ya riƙe ta ya riƙe arewa. Torkwil, a ɗakin uwar Ruwari ka yi rarrafe. In ka ɗaga tuta a kansa, ban san abin da zai rage maka ba."

Torkwil ya dube ta, ya dubi baffansa. Ya san ya kamata ya ji wani abu yana jansa ta wani gefen, ya saurara a cikin ransa, bai ji komai ba. Ya ce a ɗauko tutar a gani.

Aka buɗe akwatin da take ciki tun zamanin kakansa. Da aka warware ta sai aka ga ɓeraye sun yi sheƙa a tsakiyarta, sun cinye wuri kamar faɗin garkuwa, 'ya'yansu jajaye suka zubo a kan daɓe. Wani dattijo ya ce wannan alama ce gidan zai lalace daga ciki. Lahlan ya murƙushe 'ya'yan ɓerayen da takalminsa, ya ce alama ce dai ta masu ajiya sun yi sakaci, kuma allura za ta gyara. Torkwil ya juya wurin limamin Kilmorra, tsohon malaminsa, ya tambaye shi ko rantsuwar da mutum ya gada tana ɗaure shi kamar wadda ya yi da bakinsa. Limamin ya ce a dokar ƙasa tana ɗaurewa, a wurin Allah kuwa shi bai sani ba.

"A ɗinke tutar," in ji Torkwil. "A buɗe mashigar."

Effrik ta koma bayan labule. Murdo ya ƙi cin abincin da aka kawo masa, ya kama hanyar gaɓa cikin ruwan sama.

Rundunar Mai Riƙo ta ratsa Kilbarra kamar kogi, mahaya cikin sulke, 'yan baka, da masu dogon mashi. Gilbrad gajeren mutum ne mai taushin murya, ya rungumi Torkwil a gaban jama'a, ya kira shi da sarautunsa huɗu ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko guda ba. A bakin mashigar ya bar wata ƙungiya ta dakarunsa, ya ce don tsaron baya ne. Torkwil ya ga haka, ya kuma ga Lahlan da Mai Riƙo suna tafiya kafaɗa da kafaɗa suna magana ƙasa-ƙasa a kan dawakai. Ya gani kamar yadda mutum ke ganin ruwa yana zuba a rufin maƙwabci.

Ruwari bai jira a zo masa tsibiri ba. Ya ce ba za a yi yaƙi a ƙofar ɗakunan matan Ulsa ba. Da hantsi, lokacin da teku ya janye ya bar fili mai faɗi na jiƙaƙƙen rairayi a gaɓar Trabban, jiragensa suka fito daga cikin hazon ruwa, mutanensa suka diro da gatura da garkuwoyin fata, masu algaitar salka suna busa a bayansu. Ba su kai rabin rundunar sarki ba. Gilbrad ya sa mutanen Darro a gaba, ya ce wurin tuta ke nan bisa al'ada, nasa dakarun ya jera su a kan tudu.

'Yan baka suka fara, kibau suka yi ta sauka a kan garkuwoyi. Mutanen Ulsa ba su tsaya ba, suka taho a guje cikin ruwa iya idon sawu, suka afka wa sahun Darro. Dawakai suka kasa gudu a rairayin, ƙafafunsu suna nutsewa, mahaya suka sauka aka koma sara da suka ƙafa da ƙafa. Yawancin waɗanda ke saran juna sun san juna, sun yi cinikin kifi da shanu, wasu surukai ne. Torkwil yana tsakiya a kan farin doki, sandar tuta a hannunsa, iska tana kaɗa ta har facin da aka yi mata yana bayyana. Bai zare takobi ba. Jinin wani ya fantsamo masa a fuska, ya ji ɗuminsa, ya bar shi ya bushe.

Sahun Darro ya fara ja da baya, Lahlan yana tsawa yana mayar da su. Sai ga wani dogon mutum mai jan gemu ya keto tsakiyar dakaru da gatari, duk wanda ya tare shi sai ya faɗi, har ya iso gaban farin dokin. Ya ɗaga gatarin, ya ɗaga kai, suka haɗa ido. Ruwari ne. Ya tsaya yana haki, ya sauke hannunsa a hankali.

"Ɗan gwaggo," in ji shi, "ka rame. Ba sa ba ka abinci a Darro?"

Torkwil ya buɗe baki zai amsa. Mashi ya shiga Ruwari ta haƙarƙari, wani ya biyo ta baya. Ya durƙusa, ya dafa ƙafar dokin kamar mai neman tashi, sannan ya kife a cikin ruwa. Da mutanen Ulsa suka ga ubangijinsu ya faɗi, sai suka karaya. A lokacin ne Gilbrad ya saki dakarunsa daga kan tudu, ba su gaji ba, ba su ji rauni ba, suka share abin da ya rage. Kafin rana ta take tsaka an gama.

Torkwil ya sauka daga doki, ya juya gawar, ya share mata rairayi daga ido da baki. Ya zauna kusa da ita, tuta a jingine a kafaɗarsa. Ya tuna haƙorin da aka fasa masa, ya taɓa wurin da harshe. Yana nan zaune aka zo aka ce Mai Riƙo yana kira.

An kafa wa Gilbrad rumfa a kan tudu, manyan runduna suna tsaye dama da hagu, fursunonin Ulsa a durƙushe a gefe an ɗaure su da igiyar jirgi. A cikinsu akwai tsoho Murdo, an sare shi a goshi. Gilbrad ya yaba wa mutanen Darro, ya ce sarki ba zai manta da wannan rana ba. Sannan ya tambayi taron, da muryarsa mai taushi, wane ne Sarkin Ulsa yanzu. Murdo ne ya amsa, ya ce ɗan Effrik ne, tun lokacin da mashin nan ya shiga.

Mai Riƙo ya yi wa sanƙiransa alama. Sanƙira ya fito ya shelanta hukuncin da majalisar sarki ta yanke tun kafin runduna ta bar kudu: sarautar Ulsa sarautar tawaye ce, duk wanda take kansa maƙiyin sarki ne, za a kama shi, kuma duk wata sarauta da ƙasa da yake riƙe da ita ta koma hannun sarki har sai an yi masa shari'a.

"Ban so haka ba, ranka ya daɗe," in ji Gilbrad. "Amma kai malami ne, ka san dokar ƙasarmu. Gado ba ya tambayar mutum. Ya faɗo maka a gaban shaidu. Mashigar Kilbarra tana hannun mutanena tun shekaranjiya. Ƙasar Darro kuwa ba za a bar ta babu mai kula ba, sarki ya damƙa riƙonta ga Lahlan, wanda ya nuna biyayya."

Mutanen Darro da suka rage suka fara gunaguni, wasu suka kai hannu ga takubba suna duban Torkwil, suna jiran kalma ɗaya. Ya dube su, rabinsu jini na zuba, ya dubi dakarun kudu da suka kewaye tudun. Ya dubi baffansa. Lahlan yana goge takobinsa da ciyawa, yana ta gogewa, ko da yake ya daɗe da fita fes.

Torkwil ya tambaya ko laifin tawaye a kan sarki yake ko a kan talakawansa. Gilbrad ya ce a doka a kan sarki yake. Torkwil ya ce to ga Sarkin Ulsa a hannu, a kwance mutanensa su kwashe gawawwakinsu su koma gida, kada a taɓa tsibirin. Mai Riƙo ya yi ɗan tunani, ya ga abin da ya zo nema ya riga ya samu, ya ce a kwance su, amma jiragen yaƙi za a ƙone, a bar musu na kamun kifi. Wani bafade ya zo ya karɓi tutar daga hannun Torkwil. Yatsunsa sun sandare a kan sandar tun safe, sai da aka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Da za a wuce da shi ya tsaya a gaban Lahlan.

"Baffa, rufin ɗakin Inna yana yoyo ta gabas. A gyara mata kafin hunturu."

Lahlan ya ce za a gyara. Bai ɗago kai ba.

Aka ɗora Torkwil a kan wata alfadarin kaya, aka ɗaure hannuwansa a gaba, ba da ƙarfi ba. Daga kan tudun ana ganin gaɓar duka. Teku ya fara dawowa, yana ɗaga gawawwaki yana juya su, mutanen Ulsa da na Darro sun shiga ruwa har ƙugu suna jawo su tare, ba mai tambayar na wane ne. Hayaƙin jirage ya miƙe sama. Mai gadin da aka ba shi, wani ɗan kudu mai furfura, ya tambaye shi ko yana buƙatar wani abu kafin a kama hanya. Torkwil ya yi tunani, ya ce bai karya ba tun jiya. Mutumin ya ciro guntun gurasar sha'ir daga jakarsa ya sa masa a hannu. Ya cinye ta duka, ya karkaɗe ɓurɓushin daga mayafinsa, aka ja alfadarin suka nufi kudu.